Ranar da Goggo ta ɗora mini mabiyiya a hannu

Da ana mayar da rana baya, akwai yini guda da zan roƙi Allah ya ba ni in sake shi. Shi ne yinin da na je asibiti na ɗauko 'yata da cikinta na wata takwas, na sa ta a tasi na dawo da ita gida, likita yana cewa kada a fita da ita, ni kuwa ina ganin na fi shi sanin abin da ya dace da 'yar da na haifa. A yinin ne kuma na faɗa wa wata baiwar Allah maganar da bai kamata ta fito daga bakin ɗan halak ba. 'Yata tana nan da ranta, amma ba dabarata ce ta tsare ta ba. Allah ne ya tsare ta ta hannun wadda muka kai makwancinta kwanan nan, Goggo, ƙanwar mahaifina. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Na zauna makoki da yawa a unguwarmu ta Nima, ban taɓa ganin wanda mata ke kuka suna dariya a lokaci guda ba sai nata. Mun kafa rumfa a bakin lungu, maza a waje, mata a tsakar gida. Ina jiyo su ta taga. Wata ta shigo ta yi gaisuwa ta zauna, sai ta ɗan ɗage zaninta ta miƙe ƙafa ta ce, "To yanzu wa zai tare mu a hanya ya ce mu ga ƙafa?" Gida ya ɗauki dariya, kafin a jima kuma aka koma kuka. Maƙwabciyarmu mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake dafawa a ganye, wadda ba Musulma ba ce, ta ɗaura ɗankwali ta zo tana ta cewa due, due, irin gaisuwar mutuwa tasu, ta yini tana wanke kwanoni ba wanda ya sa ta. Wata tsohuwar nas da ta daɗe da barin aiki ta sa jikanta ya kawo ta daga unguwar Madina, can gefen gari. Wani direban torotoro, bas ɗin haya, ya ajiye motarsa a tashar Kawukudi da tsakar rana, lokacin da fasinja ke cika tasha, ya zo ya ƙi zama a kujera, ya ce shi dai a kai shi bayan ɗakin Goggo. Ya tsaya can ya daɗe yana addu'a. Da ya fito ya ce mini yana yaro in ya yi mata rashin kunya, takan ce masa ya je duk inda za shi, mabiyiyarsa tana bayan ɗakinta, zai dawo.

Goggo ba ungozoma ba ce. Ba ta taɓa karɓar haihuwa ba, takan ce ita in ta ga jini yana zuba gwiwarta ke saki. Sana'arta koko da ƙosai, a bakin lungunmu, tun kafin a yi mini kaciya. Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta yi aure, mijin ya rasu, ta dawo gidan wanta ta zauna a ɗakin ƙarshe. Amma akwai aikin da unguwa ta bar mata, wanda ba kowa ke so ba: binne mabiyiya, abin nan da ke biyo bayan jariri in an haihu.

Nima ta cika, ko'ina siminti ne, ɗaki jingine da ɗaki. Mutum zai yi ta yawo bai ga inda zai soka fartanya ba. A gidanmu kuwa akwai wani ɗan fili bayan ɗakin Goggo, bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, da bishiyar zogale a gefe. Nan ake kawo mata mabiyiyar. In an haihu a gida ko a asibiti, wata tsohuwa takan zo da ita a ƙunshe. Goggo ta wanke ta a roba, ta juya gaba da baya ta duba, ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta yi bisimilla ta binne da zurfi, ta aza dutse saboda karnuka. Goro kaɗai take karɓa. Maza ba sa zuwa wurin, ba sa ma tambaya.

Ni magini ne, daga baya na koma saka tayil. Filin nan ya daɗe yana cin raina. Na gyara gidajen mutane sun yi ƙyalli, ga shi a gidanmu in an yi ruwa taɓo ke biyo ƙafar yara har ɗaki. Duk shekara sai na ce zan shafe shi da siminti, duk shekara Goggo takan ce, "Babana, ka bari sai na mutu." Babana take ce mini, don sunan mahaifinta aka sa mini, bakinta ba ya iya faɗar sunan.

Maganar ƙafa kuwa, ga yadda take. Duk mai ciki da ta zo sayen koko, Goggo ba ta amsa gaisuwarta sai ta ce mu ga ƙafa. Ta sunkuya ta danna babban yatsa a ƙwaurinta, ta duba ko ramin zai cike ko zai tsaya. Ta dubi fuska, ta dubi yatsun hannu. In abin bai yi mata ba, sai ta mayar da ludayi cikin tukunya ta ce a je asibiti a auna jini, in an dawo a faɗa mata, sannan a sha koko. Akwai matan da suka riƙa zagayawa ta wani lungu don su kauce mata. Sai ta tare mazajensu bayan sallar asuba. Sau da yawa ba ta yi daidai ba. Mace ta je ta dawo ta ce an ce lafiyarta ƙalau, ta tsaya tana yi mata tsiya. Goggo ta ce alhamdulillahi, ta ji kunya, a zo a sha koko har da gyara. Akwai kuma wadda ƙafarta ba ta taɓa tashi ba, amma jijjiga ta kama ta. Tun daga nan Goggo ta riƙa cewa yatsanta ba ya ganin komai da komai, abin awon asibiti ya fi shi ido, kowa ta je awo ko da ƙafarta siririya ce.

Matata ce ta faɗa mini inda abin ya samo asali. Ta ce Goggo da ƙuruciyarta ita ma tana cewa kumburin ƙafa alamar ɗa namiji ne, kamar yadda kowa ke cewa. Amma da ta wanke mabiyiya ta wanke, sai ta fara lura cewa ta wasu matan da suka kumbura, ko suka yi jijjiga, takan zo ƙarama, da wurare fari-fari masu tauri a jikinta. Ba duka ba, amma sau da yawa. Wasu daga cikin matan nan ba su dawo gida ba. Ta binne mabiyiya a bayan ɗakinta, an binne uwar a maƙabarta. Takan ce irin wannan ba ta kama uwar da kyau ba. Dalilin kuwa ba ta sani ba, ba ta kuma taɓa cewa ta sani ba.

To, 'yata ta fari ta zo goyon ciki gidanmu. Mijinta direban babbar mota ne, in ya yi arewa sai a daɗe ba a gan shi ba, don haka maganarta a hannuna take. Ƙafafunta suka tashi, silifa ta daina shiga, fuskarta ta cika. Ni ina murna, ina gaya wa abokaina a masallaci jika namiji na tafe. Goggo ta danna ta ce asibiti. Aka je, suka riƙe ta. Bayan 'yan kwanaki suka aiko in zo. Likitan ya zaunar da ni cikin mutunci, ya ce jininta ya hau ya ƙi sauka duk da magani, fitsarinta ya nuna ƙoda ta fara wahala, abin da ya rage shi ne a yi mata tiyata a ciro abin da ke ciki. Na tambayi watanni. Ya ce takwas.

Daga nan kunnena ya toshe. Tun muna yara mun ji cewa bakwaini yakan rayu, amma ɗan wata takwas ba ya zama. Mahaifiyata ma ta taɓa haihuwar irinsa bai kwana ba. Na ce a jira ya cika tara. Likita ya ce wannan magana ba haka take ba, ɗan takwas ya fi ɗan bakwai ƙwari, kuma jiran nan uwar ce za ta biya shi. Na ce zan kai ta gida, a hana ta gishiri, a yi addu'a. Suka tambaye ta ita. Ta dube ni da idanunta da suka kusa rufewa don kumburi, ta ce sai abin da Baba ya ce. Wannan kallon har yau yana zuwa mini.

Muka shigo gida da la'asar, Goggo tana wanke tukunyar koko. Ta tambaya ko an sallame ta. Na ce ni na sallame ta. Ta miƙe tsaye, ta kira ni da sunana na yanka, sunan mahaifinta, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce in mayar da yarinyar nan yanzu. 'Yan haya sun fito suna kallo, raina ya ɓaci. Na ce mata gidan nan ni ne babba a cikinsa. Ta sake cewa in mayar da ita. Sai na ce, "Goggo, ke da ba ki taɓa haihuwa ba, me kika sani game da ciki?"

Ta koma ta durƙusa ta ci gaba da wanke tukunyarta.

Washegari ba a ga koko a bakin lungu ba. Na lura, amma na ɗauki kayan aikina na hau mota zuwa Madina, inda nake saka tayil a wani gida. Abin da ya faru a bayana matata ce ta ba ni labari. Da hantsi Goggo ta shiga ɗakin da 'yata ke kwance. Yarinya ta ce kanta kamar zai tsage, tana ganin wasu abubuwa suna walƙiya a idonta, ga ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Goggo ta ce wa matata ta ɗauko mayafinta. Matata ta ce tana tsoron abin da zan ce. Goggo ta ce, "In ya dawo ki ce ni na sace ta." Tasi ba ya shiga lungunmu. Su biyu suka tallafe ta, a hankali, suna tsallake kwata, har bakin titi. Suna isa asibiti, kafin ma a kai ta gado, jijjiga ta kama ta. Da a ɗakinmu ta kama ta, ina can ina daidaita tayil ɗin wani, ban san abin da zan rubuta yau ba.

Aka kira ni a waya. Na taho da siminti a ƙafata, kuma, Allah ya yafe mini, a cikin mota ina shirya faɗan da zan yi ne. Na tarar da Goggo zaune a benci a baranda, da ƙaramin bokiti mai murfi a tsakanin ƙafafunta. Ba ta bari na buɗe baki ba. Ta ce uwa tana numfashi, an yi aikin, abin da aka samu yana cikin kwalba. Sannan ta ƙara da cewa, "Mace ce. Namijin naka bai samu zuwa ba."

Da yamma muka koma gida ni da ita. Ta wuce bayan ɗakinta da bokitin, ta ce in biyo ta. Na tsaya, don ba wurin maza ba ne. Ta miƙo mini fartanya. Na haƙa, tana cewa in ƙara zurfi. Ta fito da mabiyiyar ta wanke a roba kamar yadda ta saba, ni ina kallon zogale. Sai ta ce in miƙo hannu. Na ce Goggo, namiji ba ya ganin wannan. Ta ce yau zai gani.

Ta ɗora mini a tafin hannu biyu. Ba ta da nauyi. Ta nuna mini da yatsa wuraren da suka yi fari suka yi tauri, ta ce lafiyayya takan cika hannu, ja wur, da laushi ko'ina. Ta ce, "Wannan ce ka ce ta ciyar da jikarka har wani watan. Dubi, kanta ma ba ta iya ciyarwa ba." Ta karɓa ta naɗe a farin ƙyalle, ta yi bisimilla ta sa a rami. Tana durƙushe, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ban haifa ba, gaskiyarka. Amma na binne."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na fara neman gafara. Ta miƙe tana dafa gwiwa ta ce, "Babana, rufe ramin, ka wanke hannu, ka je ka sayo mini gawayi. Gobe akwai koko." Shi ke nan. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Da mijin 'yata ya dawo daga tafiya, abin da ta gaya masa shi ne mun kai ta asibiti a kan lokaci. Mun, ta ce.

'Yata ta daɗe kafin jininta ya daidaita. An yi suna jaririya tana kwalba, ba ta fi tafin hannuna da ɗan ƙari ba. Goggo ta sa mata 'Yar takwas, sunan ya bi ta har makaranta. Yanzu tana jami'a, tana karatun aikin gwaje-gwaje na asibiti. Bayan addu'ar bakwai ta Goggo na sami jikar tawa zaune a bayan ɗakinta, kan dutse. Na ce amarya, me kike nema a nan. Ta ce tsoho, ai ni ma rabina yana nan. Na zauna na ba ta labarin da na rubuta a sama, wanda ba ta taɓa ji duka ba. Da na gama ta ce maganar Goggo ta cewa ba ta kama uwar da kyau ba, kusan haka malamansu suka koya musu.

Na ce ta yi mini bayani da Hausar da zan gane. Ta ce tun a watannin farko, wasu ƙwayoyi ƙanana na mabiyiya, waɗanda ido ba ya gani, sukan kutsa cikin bangon mahaifa kamar saiwa. A jikin kowace ƙwaya akwai wasu abubuwa masu kama da danƙo, da su take riƙe 'yar'uwarta, da su kuma take manne wa abin da ta tarar. In za ta shiga ciki sai ta saki irin riƙon da ta fito da shi ta ɗauki wani, har ta koma kamar shimfiɗar cikin jijiyoyin jinin uwa, ta shiga ta buɗa su don jini ya riƙa kwarara wa jariri. A wannan ciwo, canjin riƙon ba ya cika. Ƙwayoyin sukan tsaya sama-sama, jijiyoyin su zauna a tsuke, mabiyiya ta yi ta fama da ƙarancin jini. In ta wahala sai ta riƙa sakin wasu abubuwa cikin jinin uwa, su ɓata shimfiɗar jijiyoyinta a ko'ina, jini ya hau, ruwa ya tsattsafo cikin jiki, ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa su taɓu. Ta ce har yanzu masana ba su gama gano abin da ke hana canjin ba.

Na tambaye ta ko da na jira watan nan da mabiyiyar ta kama daga baya. Ta ce a'a, lokacin kamawa ya wuce tun kafin ƙafa ta fara tashi. Magani yakan sauke jini ya ba da ɗan lokaci, likita ne ke auna iyakar lokacin, amma ciwon ba ya tafiya sai an raba uwar da mabiyiyar. Wannan na gane shi. Na sha ƙwanƙwasa tayil mai kyau a ido in ji ƙasansa fanko ne. Ba a jira ya kama. Ɗaga shi ake yi. Na tambaye ta kuma ko wani abu ne muka ci ko muka yi ya jawo. Ta ce ba laifin kowa ba ne ciwon. Ba ta ƙarasa ba, ni na ƙarasa a zuciyata: ciwon ba laifina ba ne, ɗauko ta gida ne nawa.

'Ya'yan ƙannena sun same ni shekaranjiya, suka ce tunda Goggo ta ce a bari sai ta mutu, to ga shi, ɗaki guda zai fita a wurin. Na ce su ma su bari sai na mutu. Suka yi dariya, suka ga ban yi ba.

Koko kuwa bai tsaya ba. 'Yata, wadda na ɗauko daga asibiti, ita ta karɓi tukunyar tun Goggo na kwance. Jiya ina dawowa daga masallaci na ji ta tana ce wa wata yarinya mai ciki mu ga ƙafa. Yarinyar ta ce haba Anti, ai an ce duba ƙafa ya ƙare da Goggo. Ta mayar da ludayi cikin tukunya tana jira.

Na gode wa Allah da ya ba mu Goggo, na gode mata da ta saɓa mini. Wanda ya karanta wannan, ya yi mata fatiha. Sannan ina roƙonku, iyaye maza musamman, mu da ake jiran maganarmu a bakin gadon asibiti. In mai ciki ta kumbura, ko ta ce kanta yana ciwo, ko idonta yana walƙiya, a kai ta a auna jininta a ranar. In likita ya ce a ciro, kada ku tsaya ƙirga watanni kamar yadda na yi. Ba kowane gida ne ke da tsohuwar da za ta sace muku 'yarku ba.